Mutumin da Kotunan Ingila Suka Ƙirƙira Don Auna Hankalin Kowa

A shekarar 1837 wata kotu a Landan ta zauna kan shari'ar tarin ingirici. Wani manomi mai suna Menlove ya tara ciyawar dabbobinsa a bakin iyakarsa, dab da wasu gidaje biyu mallakar maƙwabcinsa Vaughan. Duk wanda ya taɓa tara harawa da sauran danshi a jikinta ya san abin da kan biyo baya: cikin tarin yakan ɗau zafi, ya yi ta dahuwa sannu a hankali, wani lokaci har wuta ta tashi ba wanda ya ƙyasta ashana. Mako biyar ana jan kunnen Menlove. Da aka ba shi shawara ya warware tarin, sai ya ce zai dai gwada sa'arsa, kuma dama ya sa wa kayansa inshora. Iyakar abin da ya yi shi ne ya huda kafa a cikin tarin don iska ta riƙa ratsawa. Wuta ta tashi, ta cinye rumbunsa da bargar dawakinsa, ta tsallaka ta lashe gidajen Vaughan ƙurmus.

Da magana ta je gaban shari'a, alƙali ya umarci masu taya shi hukunci su duba ko Menlove ya yi taka-tsantsan irin wanda mutum mai matsakaicin lura zai yi. Suka ce bai yi ba, aka yanke masa biya. Lauyansa ya koma da wata hujja wadda har yau ba ta tsufa ba. Ya ce an auna mutumin nan da mudun wani. Abin da ya kamata a tambaya shi ne ko ya yi aiki da zuciya ɗaya gwargwadon iya ganinsa, domin in Allah bai ba bawa kaifin basira ba, ai rashin rabo ne, kuma ba a cin mutum tara a kan rashin rabo. Babban alƙali Tindal da abokan zamansa suka ƙi karɓar wannan magana. Tindal ya ce in aka bi ta, ma'aunin sakaci zai riƙa bambanta daga mutum zuwa mutum kamar yadda tsawon ƙafafunsu ya bambanta, kuma ƙa'idar da kowa ke da tasa ba ta kare kowa. Don haka kowa za a auna shi da abin da mutum mai lura zai yi a irin halin da ya samu kansa.

Daga wannan shari'a masana doka kan fara tarihin wani mutum da ba a taɓa haifa ba, amma ya fi kowa yawan zuwa kotu a duk ƙasashen da suka gaji shari'ar Ingila, har da Nijeriya. Turawa suna kiransa "reasonable man", ɗaliban lauya a Zariya da Kano kuma sukan ce mutum mai hankali. Tambayar da ke tattare da shi ta fi ƙarfin lauyoyi kaɗai, domin tambaya ce ta falsafa da addini: shin adalci ne a tuhumi mutum da hankalin da ba shi da shi?

Kafin a kai ga amsa, akwai wani abu a cikin harshen Ingilishi da ya kamata a lura da shi. Suna da kalmomi biyu da suka fito daga tushe ɗaya na Latin, "rational" da "reasonable", kuma mai koyon harshen yakan ɗauka abu ɗaya suke nufi. Masanin falsafar siyasa na Amurka John Rawls ya tsaya a kan bambancinsu a littafin da ya fitar a 1993. Ta farko tana siffanta wanda ya san abin da yake so kuma ya iya lissafin hanyar samunsa. Ta biyu tana siffanta wanda ya yarda ya zauna da mutane a kan sharuɗɗan da su ma za su iya amincewa da su. Bahaushe ba zai sha wahalar ganewa ba, domin ya daɗe da raba wayo da hankali. Menlove ya yi wayo. Warware tarin aiki ne da kashe kuɗi, kayansa kuwa suna da inshora, saboda haka lissafinsa ya fita daidai a wajensa. Abin da bai shiga lissafin ba shi ne rufin gidan maƙwabci. Ashe mutumin da kotu ke nema ba gwanin tunani ba ne, mutum ne da ke sa asarar wani a cikin ma'auninsa kamar yadda yake sa tasa.

Da tafiya ta yi tafiya, alƙalai suka ba wannan mutum kama da unguwa. A wata shari'ar ɓata suna ta 1903 aka kira shi mutumin da ke cikin motar haya ta Clapham, wata unguwa a kudancin Landan wadda a lokacin ta masu matsakaicin hali ce, wato irin akawun da ke sammakon zuwa aiki ya dawo da yamma, ba malami ba kuma ba jahili ba. Ƙasashen da suka bi tsarin Faransa suna da nasu, wanda suka gada daga shari'ar Rumawa, shi ne magidanci nagari mai kula da iyalinsa. Sai a 2014 Faransa ta cire wannan lafazi daga dokokinta, a cikin wata doka ta daidaito tsakanin maza da mata, ta maye gurbinsa da kalmar da ke nufin abin da hankali zai ɗauka.

Ma'aunin yana da tsauri, kuma masu shi ba sa ɓoye hakan. A 1971 wata mata mai suna Weston tana koyon tuƙi a hannun wani abokin iyalinsu, Nettleship. A darasi na uku ta kasa warware sitiyari bayan ta sha kwana, ta daki turken fitilar titi, ƙoƙon gwiwar mai koya mata ya karye. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce za a auna ta da gogaggen direba mai lura, ko da yake kowa ya san ɗan koyo ba zai iya abin da gwani ke iyawa ba. Alƙali Denning ya faɗi dalilin a fili: a wajen ɗabi'a matar ba ta da laifi, amma doka ta tilasta wa masu mota yin inshora, saboda haka asara ta fi dacewa ta faɗa ɓangarenta a kan ta zauna a wuyan wanda ya ji rauni. Shekaru 90 kafin wannan, Oliver Wendell Holmes, wanda daga baya ya zama alƙalin kotun ƙolin Amurka, ya kawo irin wannan tunani a littafinsa na 1881 kan shari'ar gargajiyar Ingila. A ganinsa, mutumin da aka halitta da garaje da rashin dabara zai samu uzuri a kotun Lahira, amma ɓarnar da yake wa maƙwabta ba ta ragu da komai ba don ba da nufi ya yi ta ba, saboda haka kotun duniya ba za ta duba halittarsa ba.

Musulmin da ya karanta fiƙihu zai ga cewa wannan rabo tsakanin kotun sama da kotun ƙasa ba baƙonsa ba ne, har ma malamansa sun fi zurfafa shi. Sun raba hukunci gida biyu. Akwai wanda ke hawa kan mukallafi kaɗai, wato baligi mai hankali, kuma a nan ne ake maganar lada da zunubi da uƙuba. Alƙur'ani ya tabbatar a ƙarshen Suratul Baƙara cewa ba a ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa, hadisi sananne kuma ya ɗauke alhaki daga yaro da mai barci da mahaukaci. Akwai kuma hukuncin da ke rataye da sababi, wanda ba ruwansa da niyya ko basira. Idan yaro ya fasa kayan wani, ba a rubuta masa zunubi, amma yawancin malamai sun ce za a biya daga dukiyarsa. Mai barcin da ya juya ya danne kayan wani ya lalata shi, lamuni ya hau kansa. Wanda ya kashe rai bisa kuskure ba a yi masa ƙisasi, amma jinin ba ya tafiya a banza: Suratun Nisa'i ta wajabta diyya da kaffara, sunna kuma ta ɗora nauyin diyyar a kan danginsa na wajen uba, su haɗu su biya. Wannan tsari na raba nauyi a kan jama'a bai yi nisa ba da hikimar da Denning ya gani a cikin inshora, duk da cewa ya girme ta da ƙarnoni.

To da me fiƙihu ke auna sakaci? Da al'ada, wato abin da mutanen wuri suka saba yi. Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa hukuncin da aka yi a kan taguwar Bara'u ɗan Azib da ta shiga gonar wani ta yi ɓarna: tsaron gona da rana yana kan masu gona, ɓarnar da dabbobi suka yi da dare kuwa tana kan masu dabbobi. Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya zauna a karkara, domin da rana manomi yana gonarsa dabba tana kiwo, da dare kuma makiyayi ne ya kamata ya ɗaure abinsa. Shi ya sa wasu malamai suka ce inda al'adar gari ta juya, hukuncin ma yakan juya. Haka nan Malikawa suka lamuntar da masu sana'ar da ke karɓar kayan jama'a, irin tela da marini, idan kaya ya salwanta a hannunsu, sai in sun kawo shaidar cewa ba da sakacinsu ba ne. Ba wanda ya ce a fara duba ko telan nan mai kaifin ƙwaƙwalwa ne. Ya buɗe shago ya karɓi yadin mutane, don haka za a auna shi da abin da ake tsammani daga tela.

Har zuwa nan, Tindal da malaman Madina suna kan hanya ɗaya, kuma mai wannan rubutu yana ganin hanyar daidai ce. Idan asara ta riga ta auku, dole ta zauna a wuyan wani. Tsakanin wanda ya tara ciyawar da wanda aka ƙone wa gida, ba a buƙatar dogon nazari kafin a san wanda ya fi cancantar ɗaukarta. Biyan ramuwa ba ya nufin an ce mutum mugu ne.

Matsala ta fara ne ranar da mutumin cikin motar Clapham ya sauka a kotun masu laifi. A 1981 alƙalan Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda a lokacin ita ce kotun ƙolin ƙasar, suka yanke hukunci a shari'ar Caldwell, wani mutum da ya bugu ya cinna wa otal wuta saboda haushin mai otal ɗin. Alƙali Diplock ya faɗaɗa ma'anar ganganci: ba sai mutum ya hango haɗari ya take sani ba, ya isa a ce haɗarin a fili yake amma bai ko yi tunaninsa ba. A kan mashayi mai riƙe da gaba, wannan ba ya tayar wa kowa hankali. Amma doka ba ta tsayawa a kan wanda aka yi ta dominsa.

Shekara biyu bayan haka aka gurfanar da wata yarinya 'yar shekara 14, mai rauni wajen fahimta, wadda ke ajin masu buƙatar taimako na musamman a makaranta. Ta kwana a waje ba ta runtsa ba, da asuba ta shiga wata rumfar ajiya ta katako, ta zuba wani ruwan sinadari mai kama wuta a ƙasa, ta ƙyasta ashana. Rumfar ta ƙone. Majistarorin da suka fara sauraron ƙarar sun gamsu cewa ko da yarinyar ta tsaya ta yi tunani, ba za ta gane haɗarin ba, sai suka sallame ta. Kotun sama ta soke sallamar. Ta ce abin dubawa shi ne ko haɗarin a fili yake ga mutum mai lura, ba ga ita yarinyar ba. Ɗaya daga cikin alƙalan, Robert Goff, ya rubuta cewa bai ji daɗin hukuncin ba, amma hukuncin Caldwell ya ɗaure masa hannu. Wannan shari'a, wadda ake kira Elliott da C, ita ce hujjar lauyan Menlove ta dawo da ainihin mai ita. An ɗora wa yarinya tambarin mai laifi saboda ta kasa ganin abin da ba a halicce ta da ikon gani ba.

Sai da aka shekara 22 bayan hukuncin Caldwell kafin a gyara. A shekarar 2000 wasu yara biyu, ɗaya ɗan 11 ɗaya ɗan 12, suka fita kwanan waje ba da sanin iyayensu ba a garin Newport Pagnell. Cikin dare suka shiga bayan wani kanti, suka kunna wa tsofaffin jaridu wuta, suka jefa su ƙarƙashin kwandon shara na roba, suka tafi da zaton wutar za ta mutu da kanta a kan siminti. Wuta ta kama kwandon, ta haura ginin, aka yi asarar kusan fam miliyan 1. An same su da laifi bisa ma'aunin Caldwell, amma a 2003 Majalisar Dattawa ta rushe hukuncin ta kuma yi watsi da ma'aunin gaba ɗaya. Alƙali Bingham ya ce kafin a kama mutum da babban laifi sai an tabbatar da cewa zuciyarsa ta yi laifi, kuma wanda da gaske bai hango haɗari ba ana iya ce masa wawa ko marar hangen nesa, amma wauta kaɗai ba ta isa a hukunta shi da babban laifi ba. Wato bayan doguwar kewaya, kotun ta dawo inda ƙaramin ɗalibin Risala ko Iziyya ya tsaya tun farko: biya daban, uƙuba daban.

Sai dai akwai ƙorafi mai nauyi da ba za a tsallake ba. Idan rashin tunani uzuri ne, ashe an ba marar kula lasisi ke nan? Direban da bai taɓa tunanin yaran da ke tsallaka titi ba, don ba su dame shi ba, ya fi wanda ya yi tunaninsu ya rage gudu kaɗan samun sauƙi? Wannan shi ne abin da ya dami Diplock, kuma damuwarsa tana da tushe. Tun zamanin Girkawa, Aristotal ya bambanta jahilcin da ya faɗa wa mutum da jahilcin da mutum ya jawo wa kansa, har ya ambaci dokar da ke ninka wa mashayi horo, domin yana da ikon ƙin sha tun farko. Malikawa ma ba su ɗauke wa wanda ya bugu da gangan alhakin ta'addancin da ya yi a cikin maye ba. Amsar da ta fi gamsarwa a wajen Turawan zamani ta fito ne daga H. L. A. Hart, malamin falsafar shari'a a Jami'ar Oxford, a rubuce-rubucensa na shekarun 1960. Ya ce tambaya biyu ce, kuma ba a wadatuwa da ɗaya. Ta farko: shin wanda ake tuhuma ya bar yin abin da mai lura zai yi? Ta biyu: shin da irin ƙarfin jiki da na tunani da yake da shi, yana da ikon yin abin? Yarinyar cikin rumfa ta faɗi tambayar farko amma ta biyu ta wanke ta. Caldwell ya faɗi duka biyun. Menlove ma da wuya ya tsira, domin wanda aka yi mako biyar ana gargaɗinsa ba basira ya rasa ba.

Akwai kuma wani ɓangare na labarin da ya shafi Nijeriya kai tsaye, kuma shi ne ya fi ɗaci. A shari'ar kisa, dokar Ingila ta daɗe tana sassauta wa wanda aka tsokana har ya fita hayyacinsa, muddin tsokanar ta kai wadda za ta tunzura mutum mai hankali. A 1954 aka kai gaban Majalisar Dattawa shari'ar Bedder, saurayi ɗan shekara 18 mai lalurar rashin ƙarfin namiji, wanda wata mata ta yi wa gori a kan lalurar ta kuma doke shi, ya soke ta da wuƙa ta mutu. Alƙalai suka ce ba za a jingina wa mutum mai hankali lalurar wanda ake tuhuma ba, suka tabbatar da laifin kisan kai. Shekara 10 kafin wannan, a 1944, wata kotun mulkin mallaka a Nijeriya ta saurari shari'ar Adekanmi, wanda ya kashe matarsa bayan ta yi masa irin wannan gori. A nan alƙali ya sassauta. Dalilinsa shi ne za a auna mutumin da matsayinsa a rayuwa, kuma a cewarsa baƙauye ne marar ilimi wanda bai waye ba, irin waɗanda fushinsu ya fi saurin tashi a kan na wayayyu.

Wasu na karanta wannan hukunci su ga rahama, tunda an tsirar da wuyan mutum daga igiya. Amma a duba abin da aka faɗa domin a tsirar da shi. An ce talakan Afirka ba a tsammanin kamun kai daga gare shi, an mayar da raini ƙa'idar shari'a. A kuma duba wanda ya biya kuɗin wannan rahama: matar da aka kashe, da sauran matan ƙauye da hukuncin ke gaya wa mazajensu cewa jininsu ya fi na matan birni araha. Talauci da rashin boko ba su ne rashin hankali ba. Al'ummar da ta ɗora mutuncin namiji a kan haƙuri da kunya da danne fushi ba ta buƙatar a rage mata ma'auni.

A Arewa rikicin ya zo ta wata fuska. A 1947 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta rushe hukuncin kisa da kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa Tsofo Gubba, bisa hujjar cewa a ƙarƙashin dokar Turawa tsokana za ta sauko da laifin daga matakin kisa. Mazhabar Malikiyya ba ta san wannan sassauci ba. A wajenta wanda ya kai hari da nufin cutarwa har rai ya fita ya yi kisan ganganci, sauƙin kuwa yana hannun magadan mamaci, su yafe ko su karɓi diyya, sannan hukuma ta yi masa bulala 100 da ɗaurin shekara guda. Sarakuna da alƙalai sun ji zafin hukuncin ƙwarai, kuma taƙaddamar ta ci gaba har 1958, lokacin da gwamnatin Jihar Arewa ta kafa kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Muhammad Abu Rannat. Daga nan aka samu dokar Final Kod ta 1959, wadda ta fara aiki a 1960, aka gina ta a kan ta Sudan, ita kuma a kan ta Indiya. Sashe na 222 na dokar ya shigar da tsokana mai tsanani ta ba-zata cikin abubuwan da ke ɗauke hukuncin kisa. Ta wannan ƙofa mutumin Clapham ya samu kujera a kotunan Arewa, kuma har yau alƙalan Nijeriya suna maimaita cewa za a auna wanda ake tuhuma da mai hankali mai irin matsayinsa a rayuwa.

Abin da ya kamata kowa ya sani shi ne wannan mutum ba ya magana da bakinsa. Alƙali Radcliffe ya faɗi haka a 1956: kakakin mutum mai hankali da adalci ita ce kotu da kanta. A 2014 alƙali Reed na Kotun Ƙolin Birtaniya ya ƙara da cewa ƙirƙirarren mutum ne na shari'a, kuma kuskure ne wani ya ce zai kawo fasinjojin motar Clapham na gaskiya su ba da shaidar abin da za su yi. Ma'ana, duk lokacin da alƙali ya ce mai hankali zai yi kaza, ra'ayinsa ne yake faɗa, da tarbiyyarsa da ajinsa da abin da ya saba gani. Shi ya sa wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a Amurka, a shari'ar Ellison da Brady ta 1991, ta ce a ƙarar cin zarafin mace a wurin aiki za a duba yadda mace mai hankali za ta ji abin, domin ta lura cewa ma'aunin da ake cewa na kowa ne yakan karkata ga idon maza. Ingila ma ta soke tsohuwar kariyar tsokana a dokar 2009, bayan shekaru ana kukan cewa tana yi wa mijin da ya yi kisa cikin fushin kishi rana, tana kuma juya wa matar da ta daɗe tana shan duka baya.

Wannan ba dalili ba ne na korar mutumin daga kotu, domin ba a zaman tare sai da ma'aunin da ya fi son ran kowa. Dalili ne na tsare shi a inda yake da amfani. A shari'ar biyan ɓarna, a auna kowa da shi ba sani ba sabo, gwani da ɗan koyo, mai basira da marar ita. A shari'ar da za ta kai mutum kurkuku ko ga igiya, kada a tsaya a kansa sai an ƙara tambayar Hart, an duba shekarun wanda ake tuhuma da lafiyar ƙwaƙwalwarsa da abin da yake da ikon ganewa. Amma ƙauyanci da talauci da ƙabila kada su shiga wannan lissafi, ko da sunan tausayi.

Malaman da ke koyar da lauyoyi a jami'o'in Arewa suna da damar da takwarorinsu na Landan ba su da ita, domin yawancin ɗalibansu sun zauna gaban malamin zaure kafin su shiga ajin doka. Ya kamata a riƙa karantar da shari'ar Menlove da ta yarinyar cikin rumfa tare da babin lamuni da babin taklifi a zama ɗaya, a kuma karantar da shari'ar Adekanmi a matsayin kuskuren da ba a so ɗalibi ya maimaita ranar da ya hau kujerar alƙalanci.